Abin da Ke Sa Aiki Ya Yi Kyau a Kasuwannin Ƙwadago na Intanet: Jagora Mataki-Mataki

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura mako biyu Sallah ya san cewa iya ɗinki daban, cika alƙawari daban. Akwai telan da ba a kushe hannunsa, amma ranar jajibiri za a tarar da shi a tsakiyar tulin yadudduka yana bai wa mutane haƙuri, saboda ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, ya riƙe awon mutane a ka maimakon a littafi, kuma bai faɗa wa kowa gaskiyar ranar da zai gama ba. Wanda ya fahimci matsalar wannan tela ya riga ya fahimci rabin abin da ke sa aiki ya yi kyau ko ya lalace a kasuwannin ƙwadago na intanet, inda mai zane, mai fassara, mai rubuta manhaja ko mai haɗa bidiyo ke karɓar aiki daga mutumin da bai taɓa gani ba, wataƙila ma ba zai taɓa jin muryarsa ba.

Manyan kasuwannin sanannu ne. Upwork ya samu sunansa na yanzu a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk. Fiverr an kafa shi a Tel Aviv a 2010, kuma sunansa ya samo asali ne daga dala biyar ɗin da ake sayar da kowane aiki a farkon kafuwarsa. Freelancer.com kuwa na Ostareliya ne, ya fara a 2009. Wani rahoton Bankin Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa masu irin wannan sana'a a duniya suna tsakanin miliyan 154 da miliyan 435, ke nan matashin da ke zaune a Kano ko Maraɗi yana gogayya ne da takwarorinsa na Indiya, Pakistan, Bangladash da Filifin a kan aiki guda. Dandalin kansa dillali ne: shi ke haɗa mai aiki da mai ba da aiki, shi ke riƙe kuɗi, shi ke cire la'ada, kuma shi ke ajiye shaidar da aka yi wa kowa. Bambancinsa da dillalin kasuwar Dawanau shi ne ba ya mantuwa kuma ba a yi masa magiya.

A ganina, mafi yawan abin da ke yanke wa aiki hukunci yana faruwa ne tun kafin a taɓa aikin, wato a lokacin zaɓe, awo da ciniki. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Saboda haka matakan farko na wannan jagora sun fi na ƙarshe tsawo, kuma da gangan aka yi hakan.

Mataki na farko: ka san abin da ake auna ka da shi

Sabon shiga yakan ɗauka taurari biyar ɗin da kowa ke gani a shafinsa su ne komai. Akwai ma'auni na biyu wanda ya fi su nauyi, kuma ba ya ganuwa. A Upwork, idan aka rufe kwangila, mai ba da aiki yana ba da shaida iri biyu: ta fili, wadda ta ƙunshi taurari da sharhi, da ta sirri, inda ake tambayarsa, daga sifili zuwa 10, yaya yiwuwar ya tallata ka ga wani. Waɗannan biyun, tare da yadda kwangilolinka suka ƙare da yawan mutanen da suka daɗe suna aiki da kai, su ne ke haɗuwa su ba da makin da dandalin ke kira Job Success Score. Ana buƙatar kashi 90 cikin 100 na wannan maki kafin a samu lambar yabo ta Top Rated. Fiverr ma, tun 2024, yana da makin nasara daga 1 zuwa 10, wanda ke duba gamsuwar mai saye, kyawun sadarwa, ayyukan da aka gama babu rikici, yawan sokewa, cika wa'adi, da kuma ko aikin ya ci kuɗinsa.

Idan ka duba wannan jeri da kyau za ka ga cewa gwanintar hannu kashi ɗaya ce kawai a cikinsa. Sauran duk halayen mu'amala ne.

Dalilin da ya sa dandali ya koma dogaro da shaidar sirri shi ne kunya. Mutane ba sa son su ɓata wa wanda ya yi musu aiki suna a bainar jama'a, don haka sukan ba da taurari biyar ko da ba su gamsu ba. Wasu masana tattalin arziki uku, ciki har da John Horton, sun bibiyi bayanan wata babbar kasuwar ƙwadago ta intanet, suka ga ayyukan da ke samun cikakkun taurari biyar sun tashi daga kusan kashi 33 zuwa kashi 85 cikin shekara shida, alhali ingancin aikin bai ƙaru daidai da haka ba. Darasin da za ka ɗauka a nan mai sauƙi ne: mutumin da ya ce maka "na gode, ya yi" a taƙaice, ya ba ka taurari biyar, sannan bai sake dawowa ba, mai yiwuwa ne ya faɗi wani abu daban a inda ba ka gani.

Mataki na biyu: ka tsaya a fage ɗaya, ka nemi shaidar farko

Wanda ya rubuta a shafinsa cewa shi mai zane ne, mai fassara, mai shigar da bayanai, mai tallace-tallace kuma mai gina shafukan intanet, ya yi kama da mai maganin tasha wanda ƙulli ɗaya ke warkar da basir da ciwon ido. Mai ba da aiki ba ya yarda da shi, kuma shi kansa ba ya maimaita aiki iri ɗaya har hannunsa ya faɗa. Maimaitawar ce ke koya maka tsawon lokacin da aiki ke ci, inda ake yawan samun saɓani, da tambayoyin da ya kamata ka yi tun farko.

Ga mai jin Hausa akwai fagen da gogayya ta yi sauƙi a cikinsa: fassara tsakanin Hausa da Ingilishi ko Faransanci, mayar da magana rubutu, ɗora murya a kan talla ko darasi, da tantance bayanan da kamfanoni ke horar da ƙirƙirarriyar basira da su. Sai dai jin Hausa a baki bai isa ba, domin wanda ba ya bambance ƙ da k, ko ɗ da d, ko bai san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta ba, aikinsa zai dawo masa idan ya faɗa hannun mai dubawa na biyu.

Shaidar farko tana da tsada fiye da kuɗin aikin da ya kawo ta. Amanda Pallais ta Jami'ar Harvard ta gwada wannan a oDesk, inda ta ɗauki mutum 952 ta ba su aikin shigar da bayanai, ta rubuta wa wasu shaida a taƙaice, wasu kuma dalla-dalla. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa samun aikin farko kansa, da kuma samun cikakkiyar shaida, duk sun ƙara wa mutanen damar samun ayyuka daga baya. Don haka ayyukanka uku ko biyar na farko su zama ƙanana, waɗanda ka tabbata za ka gama su kafin lokaci ba tare da tangarɗa ba.

Mataki na uku: ka tantance mai ba da aikin kafin ya tantance ka

Aiki na mutum biyu ne, kuma akwai mai ba da aikin da ko wane gwani ya samu sai sun rabu dutse a hannun riga. A Upwork ana nuna maka tarihin kowa kafin ka nema: ko an tabbatar da hanyar biyan kuɗinsa, nawa ya taɓa kashewa, kashi nawa na tallan da ya yi ne ya kai ga ɗaukar mutum, da abin da waɗanda suka yi masa aiki suka faɗa a kansa. Ka karanta har da shaidar da shi ya yi wa wasu. Mutumin da ya bai wa ma'aikata biyar a jere taurari uku, kai ma uku ɗin yake ajiye maka. Neman aiki a can ba kyauta ba ne, domin kowace takardar nema tana cin wasu tikitoci da ake kira Connects, waɗanda ake saye da kuɗi, saboda haka watsa takardu ko'ina asara ce tun kafin a je ko'ina.

Sannan ka karanta tallan aikin kansa. Idan layi biyu ne kawai, babu misali, babu bayanin wanda za a yi wa aikin, amma an rubuta cewa aiki ne mai sauƙi ga gwani kuma ana buƙatarsa yau, wannan mutumin bai gama tunanin abin da yake so ba, kuma a kanka zai ƙarasa tunanin. Idan aka ce ka yi gwaji mai tsawo kyauta, ko ka koma Telegram ko WhatsApp a ƙarasa magana kafin a ƙulla kwangila, ko ka fara biyan wani kuɗin rajista, ka bar wurin. Dokokin dandalin sun hana karɓar kuɗi a bayan fage daga wanda ka samu ta hanyarsu, kuma ana rufe shafi a kan haka, ga shi kuma babu wanda zai bi maka haƙƙinka idan aka cinye maka guminka a waje. Haka nan shawarar da ake yawan bai wa matasa ta su ɓoye ƙasarsu ko su yi hayar shafin wani Bature, shawara ce mai ƙarewa da rufe shafi da kuɗi a ciki ranar da aka nemi a ga fuska da katin shaida.

Mataki na huɗu: awo

Nan ne zuciyar al'amarin. Mafi yawan rikicin da ke tashi ranar miƙa aiki, asalinsa wata tambaya ce da ba a yi ba ranar farko, sau da yawa saboda ma'aikacin yana tsoron kada yawan tambaya ya sa a ɗauke shi bai iya ba. Gaskiyar ita ce mai ba da aikin da ya san abin da yake yi yana gane gwani ne ta irin tambayoyinsa.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani kamfani mai manhajar kiwon lafiya ya ba ka kalmomi 5,000 ka mayar daga Ingilishi zuwa Hausa. A idonsa aikin a bayyane yake. A idon wanda ya san harshen kuwa, akwai abubuwa aƙalla shida da ba a yanke ba. Su wa za su karanta, mutanen Najeriya ko na Nijar? Tambayar tana da muhimmanci domin a Nijar ana rubuta ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma kalmomin aro na can da yawa daga Faransanci suke, har za ka ji lakwal a inda na Kano zai ce makarantar boko. Da wa manhajar ke magana, namiji ko mace? Ingilishi yana da kalma ɗaya ta magana da kowa, Hausa kuwa dole ta zaɓa tsakanin ka, ki da ku, kuma idan manhajar ta masu juna biyu ce ka cika ta da "ka", to ka sake aiki daga farko. Shin salon rubutun da manhajarsu ke amfani da shi yana nuna haruffa masu lanƙwasa, ko akwatuna zai riƙa fitarwa a madadinsu? Akwai iyakar haruffa a kan maɓallai, tunda jimlar Hausa takan fi ta Ingilishi tsawo? Suna da jerin kalmomin da wani mai fassara ya riga ya yi amfani da su a baya? A wace irin takarda suke son a dawo musu da aikin?

Kowace sana'a tana da irin nata jerin. Mai zanen tambari zai tambayi inda za a yi amfani da shi, launukan da ba a so, da misalai uku na abin da ya burge mai aikin. Mai rubuta manhaja zai tambayi irin wayoyin da za ta yi aiki a kansu da wanda zai riƙe ta bayan an gama. Akwai kuma tambayoyi biyu da suka shafi kowa: wa ke da maganar ƙarshe a kan aikin, kuma me za a gani a ce an gama? Ta farkon tana da muhimmanci saboda sau da yawa wanda kake magana da shi ɗan aike ne, maigidansa na can bai ga komai ba sai ranar ƙarshe.

Bayan ka samu amsoshi, sai ka tattara su a saƙo ɗaya a cikin dandalin, da harshe mai sauƙi, ka ce ga abin da ka fahimta: za ka fassara kalmomi kaza zuwa daidaitacciyar Hausa ta Najeriya, za ka yi magana da mai karatu da "ki", za ka miƙa ranar kaza da ƙarfe kaza, kuɗin ya haɗa da gyara sau biyu, kuma duk wani sabon rubutu da aka ƙaro daga baya cinikinsa daban. Ka nemi ya amsa da cewa haka ne. Idan kun yi magana ta murya ko ta bidiyo, ka rubuta abin da kuka cim ma ka tura, domin ranar da aka kai ƙara gaban dandali, abin da ke rubuce a cikinsa kaɗai ake dubawa. Wannan saƙon shi ne littafin awonka.

Mataki na biyar: ciniki da wa'adi

Hanyoyin biya biyu ne, jinga da awa, kuma kowace tana da inda ta dace. Jinga ta dace da aikin da iyakarsa ta fito fili, kamar fassara mai sanannen adadin kalmomi. Aikin da ba a san zurfinsa ba sai an shiga, kamar gyaran manhajar da wani ya rubuta ya gudu, a yi shi da awa, in ba haka ba za ka yi kwana goma a kan kuɗin kwana biyu.

A aikin jinga, kada ka fara sai ka ga dandalin ya nuna cewa mai ba da aiki ya zuba kuɗin a ajiya. Wannan ajiyar ita ce kafin alƙalami na wannan kasuwa, sai dai a hannun dillali take zama har a gama. Idan aikin babba ne, ka raba shi zango-zango, kowane zango da kuɗinsa: aikin dala 300 ya zama zango uku, na farkon ƙarami. Amfanin haka ya wuce tsaron kuɗi, domin idan akwai rashin fahimta, a zangon farko za ta fito, lokacin da gyaranta bai wuce na awa ɗaya ba. A aikin awa kuma, kariyar da Upwork ke bayarwa ta shafi lokacin da aka ƙirga da manhajarsu ce, wadda ke ɗaukar hoton fuskar kwamfuta sau ɗaya a kowane minti goma, tare da ɗan bayanin abin da kake yi. Awannin da ka shigar da hannu ba su da wannan kariya.

Wajen sa farashi, ka lissafa abin da zai shigo hannunka. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100, kuma ga yawancin masu sayarwa kuɗin yana ɗaukar kwana 14 kafin a iya fitar da shi, sannan ga kuɗin cirewa ta Payoneer, kamfanin da ke turo maka kuɗin, da abin da canji zai ci. Karya farashi har ƙasa yana da illa biyu ga ingancin aiki: yana jawo masu saye mafi wuyar sha'ani, kuma yana tilasta maka tara ayyuka da yawa a lokaci ɗaya domin ka fita, wanda shi ne ainihin ciwon telan da muka fara da shi.

Wa'adi kuwa a kan saurinka na gaskiya ake gina shi, ba a kan saurin ranar da komai ya tafi daidai ba. Mayar da awa ɗaya ta magana zuwa rubutu yakan ci awa huɗu ko fiye, musamman idan mutane da yawa ke magana ko sautin bai fita ba. Shawarata ita ce ka ƙiyasta lokacin, ka ƙara sulusinsa a kai, sannan ka faɗi wannan. Kuma kada ka ce "gobe da safe" ga mutumin da ke wata nahiya. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban na New York da awa shida a lokacin sanyinsu, awa biyar a lokacin zafinsu, yana daidai da na Landan a lokacin zafi, yana bayan na Dubai da awa uku. Ka rubuta rana, ƙarfe da sunan garin da ake bin agogonsa.

Mataki na shida: ka yi tanadin wuta da layi

Mai ba da aikin da ke Jamus ba ya jin uzurin an ɗauke wuta, kuma agogon Fiverr, wanda ke fara ƙirga da zarar mai saye ya cike bayanan da ka nema, ba ya tsayawa don an ɗauke ta. Abin da ya faru a shekarun nan ya isa gargaɗi. A Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara na tsawon makonni. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin arewacin Najeriya sun yi kwanaki babu wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kai musu ita. Mafi ƙarancin tanadi shi ne layuka biyu na kamfanoni daban-daban, abin ajiye caji ko ƙaramin sola, sanin wani wuri da za ka iya zuwa ka yi aiki idan unguwarku ta yi duhu, da ajiye kwafin aiki a Google Drive ko makamancinsa a ƙarshen kowace rana. Ranakun Sallah, goman ƙarshe na azumi da lokacin biki ko tafiya kuma, ka sa su a lissafi tun da wuri, ka nuna a shafinka cewa ba ka karɓar sabon aiki.

Mataki na bakwai: kada ka yi shiru

Mutumin da ya ba ka aiki ba ya ganin ka, saboda haka shirunka a wurinsa yana iya nufin kana aiki, yana iya nufin ka gudu. Fiverr yana ƙirga ko ka amsa saƙon farko na sabon mai saye cikin awa 24, amma abin da ake bukata ya fi haka. Idan aikin na mako ɗaya ne, ka tura ɗan samfuri a rana ta farko ko ta biyu, shafi ɗaya na fassara ko zanen farko, ka tambaya ko hanyar da ka ɗauka ita ce. Daga nan ka riƙa ba da labari a taƙaice duk bayan kwana biyu: ga abin da aka gama, ga abin da ya rage, ga abin da kake jira daga gare shi.

Labari maras daɗi shi ya fi buƙatar gaggawa. Idan ka hango ba za ka cika wa'adi ba, ka faɗa tun ana saura kwana biyu, ka kawo sabuwar rana, ka nemi ƙarin lokaci ta hanyar da dandalin ya tanada kafin agogo ya cika. Yawancin mutane suna amincewa da jinkirin da aka sanar da su, abin da ba sa yafewa shi ne su wayi gari ranar alƙawari su ji shiru. Dogon bayanin rashin lafiyar kaka da lalacewar janareta ba ya ƙara komai, jimla biyu sun wadatar.

A tsakiyar aiki ne kuma ake fara jin "ɗan ƙara mini wannan". Mai awon hatsi yana yin gyara, amma gyara da son ransa yake yi kuma ba ta kai rabin mudu. Ƙaramin abu na minti goma ka yi shi, ka ambata cikin ladabi cewa ƙari ne. Abin da ya fi haka, ka koma ga saƙon awo, ka ce za ka yi da farin ciki, ga kuɗinsa ga lokacinsa.

Mataki na takwas: miƙa aiki da karɓar gyara

Kafin ka miƙa, ka bar aikin ya kwana idan da hali, sannan ka buɗe saƙon awo ka bi shi layi-layi. Mai fassara ya karanta aikinsa da murya, domin kunne yana kama jimlar da ke da ƙashin Ingilishi a ƙarƙashinta fiye da ido. Idan ka yi amfani da injin fassara ko ƙirƙirarriyar basira, ka tabbata mai aikin ya yarda da haka tun farko. Google Translate ya fara Hausa tun 2013, masu ba da aiki sun san da shi, kuma da abin da yake fitarwa suke so, da ba su biya mutum ba.

Ka miƙa ta maɓallin miƙawa na dandalin, domin shi ke tayar da agogon biya: a Fiverr aiki yana rufe kansa bayan kwana uku idan mai saye bai ce komai ba, a Upwork kuma ana sakin kuɗin jinga bayan kwana 14. Ka haɗa da ɗan bayanin abin da ke ciki da duk wata shawara da ka yanke da kanka, misali dalilin da ya sa ka bar wata kalmar likitanci yadda mutane suka saba jin ta.

Idan gyara ya dawo, ka raba shi gida biyu. Kuskurenka ka gyara shi nan take babu musu. Canjin ra'ayi kuma ka ƙirga shi cikin adadin da kuka yi yarjejeniya. Idan kana ganin abin da ya nema zai ɓata aikin, ka faɗi dalilinka sau ɗaya, in ya nace ka yi masa yadda yake so, tunda rigar tasa ce. Sokewa ita ce mafita ta ƙarshe domin tana taɓa makinka, amma idan ta tabbata ba za a daidaita ba, rabuwa da wuri cikin mutunci ta fi a ja har a kai ga mummunar shaida.

Mataki na tara: rufewa da lissafi

Idan an gama, ka nemi mai ba da aikin ya rufe kwangilar da kansa, domin a lokacin ne dandalin ke neman shaidarsa. Ya halatta ka ce za ka ji daɗin jin ra'ayinsa na gaskiya, amma roƙon taurari biyar ko yin ragi domin a ba ka su saɓa doka ne. Bayan wata ɗaya ko biyu, gajeren saƙo na tambayar yadda aikin ya karɓu yakan dawo da tsohon kwastoma, wanda aiki da shi ya fi sauƙi saboda awonsa na hannunka kuma ba ka sayi tikitin nema ba.

Abu na ƙarshe shi ne ka buɗe littafi, ko na takarda ne, ka riƙa rubuta abu huɗu a kan kowane aiki: awannin da ka ƙiyasta, awannin da ya ci, sau nawa aka dawo da gyara da dalilinsa, da kuɗin da ya shigo hannunka bayan la'ada. Bayan ayyuka goma za ka fara ganin abin da shafinka ba ya nunawa. Aikin dala 100 a Fiverr yana barin dala 80, kuma idan ya ci awa 20 tare da gyare-gyare, dala 4 ka samu a kowace awa. Aikin dala 60 yana barin dala 48, idan ya ci awa shida, dala 8 ke nan a awa. Da wannan lissafin za ka san irin aikin da za ka ƙara wa kuɗi, wanda za ka daina karɓa, da tambayar da za ka ƙara a jerin awonka idan ka ga gyara iri ɗaya ya dawo maka sau uku.